Kunya Ta Bakwai

Shekara uku muna hawa mota
daga Wurno zuwa kotu a Sakkwato,
ni da Nomau, wani lokaci kujera ɗaya,
gwiwa na gugar gwiwa, ba mu gaisa ba.

Kunya bakwai ce rigimar,
a bakin fadama, inda albasa ke yin kai kamar dunƙulen hannu.
Na ce ta ubana ce, ya ce ta kakansa.
Tsamiyar da ta san iyaka
ambaliya ta tafi da ita, ba ta bar wasiyya ba.

Na sayar da maraƙi don lauya,
shi ya jinginar da injin ban-ruwa.
Ranar da alƙali ya gaji da fuskokinmu
ya tura mu ɗakin sulhu wurin Malam Giɗaɗo,
wanda aka ce bai taɓa kasa ɗinke ɓaraka ba.

Malam ya ba mu ruwa a kofi ɗaya.
Tsofaffi biyu da na ɗauko tun asuba don shaida
suna waje, suna gyangyaɗi a gindin darbejiya,
ba a kira su ba.
Ya ce, "Mi za ka iya bari? Kai kuma, mi?"
Kamar cinikin akuya a kasuwar Acida,
ana tayi, ana albarka, har aka sallama:
uku gare ni, uku gare shi,
ta bakwai a bar wa zumunci.
Muka dangwala yatsa, aka shafa fatiha.
Hannunsa a cikin nawa, sanyi kamar kifin Rima,
nawa ma bai fi nasa ɗumi ba.

Ba zan yi butulci ba.
Bana na yi barci, albasa ta yi kyau,
matata ta koma ɗibar wuta a gidansu,
ran sunan jikansa an aiko goro, na kuwa ci.

Amma je ka duba kunyar nan.
Ba mai shuka ta, ba mai nome ta,
ƙarangiya ce ta ci gadonta.
In na zo ban-ruwa sai in karkatar da shi kada ya jiƙa ta,
shi ma haka.
Kullum da wutsiyar ido muke auna ta,
ko ta ragu da faɗin fartanya.
Wanda ya yi ƙarya a cikinmu
har yau ba wanda ya gaya masa.

Jiya ɗana Lawwali ya tsaya a kanta,
ya ce, "Baba, tsakani da Allah, ta wa ce?"
Na ce an yi sulhu.
Ya ce, "Na ji. Ta wa ce?"
Can gefe ɗan Nomau ya bar aiki,
ya dafa ƙota yana kallonmu.

Takardar na ƙasan akwati, naɗe cikin leda.
Mu biyu muka sa mata hannu.
Su ba su sa ba.