Anza da Baƙuwarta

Sahura ta zo hutu daga Yamai
da littafin zanen itatuwa a jaka.
Ta buɗe mini shafi ƙarƙashin rumfa:
“Baba, ga suro, icen ƙasar sanyi.”

Na sa madubin ido, na duba.
Ganye biyar a tsinke ɗaya, wani bakwai,
suna fuskantar juna kamar masu ciniki,
bakinsu da haƙora irin na zarto.
Furen fari fat, a shimfiɗe kamar faifai.
Ƴaƴan baƙaƙe, ba su kai ɗinya ba,
amma sun yi yawa har reshe ya sunkuya.
Ta ce cikin karansa totuwa ce,
yara kan huda shi su busa.
Ta ce bakin rafi yake so,
inda ƙasa ba ta san ƙishi ba.
Na ce, to ba zai kwana biyu a Tawa ba.

“Ɗanyensa yana murɗa ciki,” in ji ta,
“sai an dafa.”
Nan na aje madubin.

Na ja ta bayan gari, kan fako,
inda dutsen Adar ke gasa tafin ƙafa.
Ga anza tsaye, ba ta wuce kafaɗata ba,
shar da ita a tsakiyar bazara,
alhali kowa ya tuɓe.
Na ce taɓa ganyen: kauri kamar ƙirgi.
Akuya kan shinshina ta wuce.
Furenta ba na ado ba ne, ƙuda ya san shi.
Saiwarta kuwa, mai gina rijiya kaɗai
ya taɓa gamuwa da ita a ƙasa,
tana tafiya neman abin da yake nema.

Shekarar da rumbu ya zama ɗakin ɓera,
kakarki Tabawa ta jiƙa dilo a tukunya.
Kullum ta zubar da ruwan, ta sake wani,
ruwan da ta ɗauko tun kafin assalatu.
Kwana bakwai kafin ɗacin ya saki.
Mu shida muka ci. Biyar muka ga damina.

Sahura ta tsinki ɗaya, ta ɓare, ta gatsa.
Ta tofar, idonta ya kawo ruwa.
Ban tambaye ta ko ɗacin ne ba.

Ta juya littafin, ta samu farin shafi a ƙarshe,
ta zauna kan dutsen mai zafi.
“Baba, riƙe mini reshen, iska na kaɗa shi.”