Takardun Dogo

Buhu goma sha ɗaya na aya na sayar,
da jajayen awaki uku, har da mai ciki.
Cima na tsaye bakin garke, ba ta ce uffan ba,
ta dai tattara igiyoyin da suka rasa wuya
ta rataye su inda zan riƙa gani.

Shekara bakwai ina bin rugage da allurar dabbobi
kan ƴar moto mai gajerun ƙafafu.
Da mun bar gudron sai ta durƙusa,
ni in ɗauke ta, maimakon ta ɗauke ni.

Shi kuwa wannan, a rumfar Ranau na gan shi,
bayan babbar kasuwa, an jingine shi da bango:
dogo, ramamme kamar zaɓon daji,
tayoyinsa da haƙora,
sirdinsa ya kai mini cibiya.
Ranau ya ce jikka ɗari bakwai.
Na ce albarka ta fi kuɗi.
Muka sha shayi har ruwa na uku
kafin hamsin ta faɗi ƙasa, muka tafa.

Ashe saye shi ne mai sauƙi.

Ba shi da madubi ko ɗaya.
Fitilarsa ido ce mai hakiya,
ham ɗinsa ya mutu tun a hannun mai shi na fari.
Nomau bakanike ya zagaya shi sau biyu,
ya tsotsi haƙori, ya ce:
wannan bai san gari ba, sai an koya masa ladabi.
Ya dasa masa kunnuwa biyu na gilashi,
ya ja wayoyi ja da kore ta ƙarƙashin tanki
har ƴan fitilun kwana suka fara ƙifta ido,
ya toshe masa maƙogwaro don ya daina firgita unguwa,
ya sake buji, ya ɗaure sarƙa,
ya ƙera kariya a baya daidai akwatin sanyina.
Kwana huɗu ina zaune kan tsohuwar taya
ina cin gyaɗa, ina biya.

Sai duwan.
Lambar jikin ƙarfe ta sha tsatsa,
muka goge ta da toka da yawu
har takwas ta rabu da uku.
Taga ta farko ta aike ni ta biyu,
ta biyu ta tafi salla,
ta uku ta ce hatimi yana aljihun wanda ya tafi Tibiri ta'aziyya.
Na dawo Litinin. Na dawo Laraba.
Kartagiriz, asiransi, lamba fara fes da ƙusa huɗu,
da hular kwano mai warin sabon bokiti.
Na naɗe takardun cikin leda biyu
na sa su a ƙirji kamar laya.

Asubar Asabar na kama hanyar Dakoro.
Ga shingen jandarma, ga igiya a miƙe.
Na tsaya tun ba a ɗaga mini hannu ba,
ina ɗokin a tambaye ni,
yatsuna har sun kai ga leda.

Bai dubi lamba ba.
Akwatin ya duba, ya ce: kai ne likitan dabbobi?
Tunkiyata kwana biyu ba ta tuƙa.

Na duba tunkiya. Na wuce da takarduna a naɗe.

Can gaba, inda jar hanya ta ƙare,
rairayi ya buɗe baki yadda ya saba.
Na miƙe kan matakai, na murɗa,
Dogo ya yi gurnani ya haye,
bai ko tambayi sunan wurin ba.
A madubin hagu na hango
tabon da na saba faɗuwa yana ƙanƙancewa.

Da dare Cima ta zo da fitila,
ta shafa sirdin, ta leƙa fuskarta a madubi,
ta ce: to, shi wannan yaushe zai haihu?