Darasin Mai Faci

Na je wurin Sada da kumburarren ido,
kwana uku bayan an tare ni a lungun Rafin Daɗi.
Na ce, Baba, koya mini naushi,
irin wanda in na saki ɗaya sai an yayyafa wa mutum ruwa.
Bai ɗago ba.
Yana tsoma tiyub a ruwa, yana neman inda iska ke tsira.
Ya ce, Mannir, tsaya in ga tsayuwarka.
Na tsaya. Ya ɗora yatsa biyu a ƙirjina.
Sai ga ni zaune cikin tsofaffin tayoyi,
yaran gareji na ƙyaƙyatawa.

Wai shi ne a da, ranar kokawa,
in ya kama ƙugun ƙato sai ganga ta sake murya.
Yau gwiwa ɗaya ta ƙi lanƙwasuwa,
sai faci, sai goro, sai rediyo mai tari.

Wata guda cur bai nuna mini dukan kowa ba.
Faɗuwa ya koya mini.
Manna haɓa a ƙirji, kada ƙeya ta gaida kwalta.
Kada ka tokare ƙasa da hannu, ƙasa ta girme ka.
Tashi. Sake.
Bayan asuba, a kan buhunan ƙaiƙayi,
na faɗi, na faɗi,
har faɗuwa ta daina zama labari.

Sannan ya damƙe wuyan hannuna
da tafin nan mai warin gam.
Yatsu huɗu ganuwa ne, in ji shi,
babban yatsa ƙofa.
Kai Bakatsine, wa ya taɓa fita gari ta ganuwa
alhali ga Ƙofar Marusa a buɗe?
Murɗa wajen ƙofa. Fizge. Ja baya.
Dubi hannun mutum, fuska maƙaryaciya ce.

Ihu ma sai da aka koya mini.
Ƙato da gemu, ya zan kurma kururuwa?
Ya ce kunya ba ta ɗinke ciki.

Na ce, in da wuƙa fa?
Ya ce jefa mashi jakar can, kai ka yi nan.
Na ce wayoyin mutane ne, caji suka kawo, amana ce.
Ya ce waya ana biya, ko da kuka.
Hanjin da ke wurin mahauta na rago ne,
ba ya shiga cikinka.

Daren wata Talata an ɗauke wuta.
Na kulle rumfa, jaka babu komai sai makulli da ragowar tsire.
Kusa da kwalbati na ji takun da ba nawa ba
yana tsayawa in na tsaya.
Hannu ya sauka a nawa, sanyi ƙalau.
Kaina ya manta duk abin da aka faɗa.
Hannuna bai manta ba.
Ya nemi ƙofa, ya fita.
Wata murya ta tsaga unguwa, ashe tawa ce.
Ƙafa, me na ci ban ba ki ba?
Na yi tuntuɓe, na mirgina, haɓa a ƙirji,
na tashi da takalmi ɗaya
a gaban teburin mai shayi da mutum bakwai riƙe da kofi.

Da safe na je ina sunkuyar da kai.
Baba, ko sau ɗaya ban taɓa shi ba.
Ya kama hannuna, ya ƙirga yatsun, goma.
Ya ɗaga rigata, ya duba, ba huda.
Kamar yadda yake duba tiyub.

Ya ce, to.
Miƙo mini famfo.
Gobe ka zo da wuri, tsayuwarka har yau da saura.