'Yan Ƙodagon Ƙarƙashin Kunya

Shekara talatin ina lambu a bakin Jakara,
alayyahu, salak, ɗan lalo a gefe.
Na ɗauka na san kowa a filin nan:
tana, gwazarma, gyare,
har tururuwar da ke sace mini iri.

Ran wata Laraba Hansatu ta zo daga jami'a
da cokali da leda biyu.
Ta ɗebi ƙasa a kunyar da na ba takin awaki,
ta ɗebi wata inda na watsa na buhu zalla.
Na ce, yanzu ƙasa ma asibiti ake kai ta?

Bayan mako biyu ta miƙo mini waya.
Wasu zaruruwa ne farare suna lanƙwasa
kamar taliya ta ji ruwan zafi.
Na ja baya. Ai na san su!
Su suka ɗaure saiwar tumatirina bara,
ƙulli bayan ƙulli kamar carbi,
na kai kwando uku 'Yankaba maimakon goma.
Ga kwalbar magani na saya tun jiya,
da asuba zan gama da su.

Baba, dangi ne, in ji ta, amma hali ya bambanta.
Dubi bakin wannan, babu tsinke,
ba ya sukar saiwa.
Bakteriya yake ci,
su da suka cinye takinka suka ƙulle amfanin a jikinsu
kamar mai ɓoye hatsi yana jiran tsada.
Shi kuwa in ya haɗiye su,
abin da ya wuce buƙatarsa sai ya zubar
nan kusa da saiwa.
Saiwa ta sha, ganye ya yi duhu.

Ta ce ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya
har idonta ya yi ja.
A ledar takin awaki sun cika kamar Kurmi ana gobe salla,
a ɗayar kuwa tsilli-tsilli.
Amma kada in yi saurin yanke hukunci, wai,
sai ta maimaita sau uku.

Ni dai na dubi kunyoyin biyu
na ga wadda alayyahunta ya kai gwiwa.

Sallau da ke taya ni ban ruwa
ko la'asar ba ta yi sai ya miƙo hannu.
Waɗannan, tun ina saurayi suke mini aiki,
ba ladan kwabo, ba sannu,
ina taka su da takalmin roba.

Mai shago a Sabon Gari ya ƙi karɓar kwalbar,
wai an riga an ɓare takarda.
Tana nan a kan katanga, rana na cin rubutunta.

Yau da safe na kai buhu biyu na kashin awaki.
Da na sunkuya zan zuba
sai na ji bakina ya yi sallama.
Sallau ya waiwaya, ya amsa.