Takalma Uku a Ƙarƙashin Gado

A Iten, tun zakara bai yi cara ba,
nake laluben ƙarƙashin gado.
Uku ne, kowa da ranarsa,
hannu ya san su, ba sai da fitila ba.

Shuɗin nan mai kaurin ƙasa
shi ne na ranakun lallaɓawa.
Ya haddace ramukan jar hanyar nan,
yana haɗiye tsakuwa, ba ya faɗa wa gwiwa.

Mai ruwan goro na Alhamis ne,
ranar da muke ɓarkewa mu ɗari biyu,
minti ɗaya wuta, minti ɗaya numfashi.
Ba nauyi gare shi, ba tausayi.

Farin yana kwance cikin kwalinsa.
Kuɗin ɗan maraƙi ya ci.
Sau biyu kacal ya taka ƙasa,
don kada ranar tsere ta same mu baƙin juna.

Dā guda ɗaya gare ni.
Shekara na yi ina dukansa safe da yamma,
ina wanke shi, samansa fes,
ashe ƙasan ya daɗe da mutuwa.
Gwiwar hagu ce ta fara kai ƙara.

Tsoho Kimaiyo, mai agogo a wuya,
ya karɓa, ya danna da babban yatsa,
ya ɗora kan teburin mai shayi.
Takalmin ya karkace kamar jaki mai ɗingishi.
Ya ce, "Jebiwot, ko san huɗa ana kwance masa igiya.
Soson nan sai ya kwana biyu
kafin ya dawo hayyacinsa.
Ke ba ki huta ba, shi bai huta ba,
to wa zai ɗauki wani?"

Wata uku na yi ina kallon masu wucewa.

Yanzu ina da ɗan littafi.
Shuɗin ya ci kilomita ɗari bakwai da goma,
dunduniyarsa ta fara sulɓi ta waje.
Ban faɗa masa ba tukuna.

Amma ƙanena Kipyator ya iya lissafi.
Jiya da ruwa ya jiƙa mu
na cusa wa shuɗin tsohuwar jarida,
na jingine shi nesa da murhu.

Da asuba na kai hannu:
jaridar na gefe, a ninke,
igiyar a ɗaure, ba irin ɗaurina ba,
cikinsa kuwa da sauran ɗumi.