Gawayi a Jikin Rumbu

A Gulma, bayan ɗakin Inna,
rumbun kakana Arzika yana nan tsaye.
Ranar da shamuwa ta sauka kan tsamiyar masallaci
yakan ɗauko gawayi daga murhu,
ya ja layi ɗaya ƙarƙashin hular rumbu,
gobe ɗaya, jibi ɗaya,
har ruwan shuka ya faɗi.

Na ƙirga nasa:
tara, goma, sha ɗaya, goma.
Sahu gajere, kamar sallar asuba ranar sanyi.

Da ya rasu, gawayin ya dawo hannuna.

Bana ta zo a kan lokacinta,
da kara a baki, tana gyaran tsohuwar sheƙa.
Na ja layi. Na ja. Na ja.
A na sha bakwai sama ta tofa yawu,
muka ruga da gero,
ya tsiro, ya leƙa, ya ƙone.
A na talatin da huɗu na zagaya rumbun
na iske layina na fari yana kallona.

Ɗorawar Tumba ta yi tutu tun sanyi bai tafi ba,
iska ta kaɗe shi,
tukunyar daddawa tana kife har yau.
Gawo, da kan tuɓe riga in damina ta kama,
ya tsaya da rabin ganye
kamar baƙon da bai san ko a kwana ko a wuce ba.

Nomau ya ce tsuntsuwar ta koyi ƙarya.
Ban amsa ba.
Da safe na tsinci ɗanta a gindin tsamiya,
bai kai nauyin ƙwallon goruba ba.
Ta ƙyanƙyashe don fara da kwaɗi,
fara ba ta fito ba, kududdufi ƙura.
Wanda ya yaudare mu
da ita ya fara.

Sai ruwa ya zo gaba ɗaya, kamar mai biyan tsohon bashi da faɗa,
ya shanye shinkafar fadama har wuya.
Abin da ya tsira, jan baki ya riga mu,
tun ƙwayar tana nono.

Jiya Kulu, 'yata, ta ga baƙin yatsuna.
Baba, wa za mu bi baɗi,
rediyo ko shamuwa?

Na ce ta miƙo tsani.
Akwai sauran bango daga sama.