Buhu Uku

Ni aka ba kaye, don ni na kai aji shida a lakwal
kafin Baba ya ce lambu na jiran hannuna.
Mu ashirin da takwas ne, mata, bayan Tamaske.
Bik a wurina, makulli a wuyan Barira,
akwati ƙarƙashin gadon Inno Kuluwa
wadda ko ɗanta ba ya ɗaga mata labule.

Dosiye ya je Tawa sau uku.
Na fari ba tampo.
Na biyu mai tampon ya tafi ta'aziyya Illela.
Na uku muka saida zakara biyu, kuɗin mota,
Nomau ya rungume shi a leda kamar laya.
Daga nan Yamai. Daga Yamai wata ƙasa
inda aka ce rana kan faɗi tun la'asar,
mutanenta na tsakurar albashinsu
saboda waɗanda ba su taɓa gani ba.
Allah ya saka musu. Ban san sunan ko ɗaya ba.

Wata goma sha ɗaya, shiru,
har Zalika ta ce an cinye mu a biro.
Sai ran wata Talata ga farar mota:
jika ɗari tara, a yi rudun albasa,
mu daina zubar da guminmu lokacin cira
sa'ad da buhu bai kai kuɗin zane ba,
mu jira damina, albasa ta yi sarauta.

Sharaɗi ɗaya: kada a taɓa kafin lokaci.
Duka muka dangwala yatsa.

Rahotonsu gida-gida ne kamar gurbin dara.
Mata nawa, buhu nawa, ina rasi.
Mai kara bai iya rubutu ba,
na shafa masa tawada, ya danna babban yatsa,
ya tafi yana kallonsa har bakin kasuwa.
A ƙasa, layi uku: me ya sake a rayuwarku?

Na rubuta: buhu ɗari da arba'in, goma sha tara sun ruɓe.

Ban rubuta mijin Hajo bai tafi Abijan bana ba.
Ban rubuta gabar wata biyu tsakanin Zalika da Barira
kan buhun wa zai zauna kusa da ƙofa.
Ban rubuta dillalin da a da yake taya mana daga kan babur
yanzu sai ya sauka, ya tambayi gajiya da yara.

Kuma goma sha shida ne suka ruɓe.

Daren da jikin ɗan Tamo ya yi zafi kamar tanda,
saura wata guda albasa ta yi kuɗi.
Zazzaɓi bai san farashi ba.
Barira ta ciro makulli, ba ta dubi kowa ba,
Zalika ce ta haska mata tocila.
Buhu uku suka bi amalanke kafin kiran asuba,
a araha, arahar da har yau ke min ciwo.
Na duba takardar sama da ƙasa,
babu gurbin yaro, sai gurbin ruɓa.
Nan na sa su.

Ga shi can, shi ke korar awaki daga jikin rudu.

Furoje ya ƙare bara.
An ce can ƙasar an juya bakin aljihu wani gefen.
Allonsu ya yi tsatsa, tutar ta koɗe,
kaji sun samu inuwa.
Akwati dai na nan inda yake,
kowace Juma'a dala ashirin-ashirin.
Kaye ya cika, na sayo wani da kuɗinmu.
Shafin fari ba hatimin kowa.
Na yi bisimilla, na gyara zama, na rubuta:
buhu uku, bashin Tamo.
Ta biya biyu. Saura ɗaya.